Sun sayi littafinka na farko, to me za ka sayar masu a gaba: babban kwas, guruf na wata-wata, ko dubawa ɗaya-ɗaya?

Tambayar da aka fi yi min kwanan nan ita ce wai ya ake samun sababbin kwastomomi, kuma abin da ke damuna shi ne yawancin masu tambayar suna da lambobin mutane cike da waya waɗanda suka riga suka taɓa tura masu kuɗi, suka karɓi PDF ko suka shiga ajin WhatsApp na kwana uku, daga nan shikenan ko gaisuwa ba a sake yi ba. Wanda ya taɓa cire kuɗinsa ya tura maka bai taɓa ganin fuskarka ba ai ya riga ya tsallake abu mafi wuya, ya yarda da kai, a wannan zamanin da kowa ke ɗari-ɗari saboda 'yan damfara. Ka bar shi ka tafi kana biyan Facebook kuɗin talla don neman wanda bai san ka ba, gaskiya asara ce.

Ni kiwon kaji nake koyarwa, musamman broila, wato kajin nama, don haka misalaina daga can za su fito, amma mai koyar da girki, mai haɗa turaren wuta da humra, mai ɗinki, mai zanen fosta da waya, mai koyar da saro kaya daga China, duk lissafin kusan ɗaya ne. Hanyoyi uku ne na ga mutanenmu suna bi in sun zo ciniki na biyu, kuma duka ukun na taɓa su da hannuna.

Kafin in shiga cikinsu bari in faɗi wani abu. Ciniki na biyu tun kafin ka sayar da na farko ake tsara shi, domin shi ne zai gaya maka inda littafin farko zai tsaya. Amma fa kar wani ya fahimce ni a baibai, ba cewa nake ka ɓoye rabin bayani don dole mutum ya dawo ba, wannan algus ne kuma mutane suna ganewa. Littafin farko ya gama aiki guda cikakke. Nawa misali aikinsa shi ne ka karɓi 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya ka tsallake da su sati biyun farko da ransu, zafin ɗakinsu, ruwa, shimfiɗar ɗaki, abinci, rigakafi, duk yana ciki. Wanda ya tsaya a nan ya ci moriyar kuɗinsa. Abin da ke gaba wani aikin ne daban, yadda za a kai su nauyin sayarwa ba tare da abinci ya cinye riba ba, da yadda za a samu mai saye.

To na farko, babban kwas na bidiyo. Daɗinsa a fili yake, sau ɗaya za ka sha wahalar ɗauka, ka ɗora a Selar, wato shafin da ake sayar da littattafai da kwas ta intanet, ko ka ajiye a wani rufaffen waje a Telegram, mutum ya biya ya shiga ko kana barci. Kuma da yake farashinsa ya fi na littafi sosai, kuɗin da masu karɓar biya ke cirewa ba ya jin jiki, Paystack misali kashi 1.5 cikin ɗari suke cira da ƙarin naira 100, kuma komai yawan kuɗin ba ya wuce naira 2,000 a ciniki ɗaya na cikin gida. In kana da aikin ofis ko makaranta kuma ba ka da lokacin zama kan waya kullum, wannan hanyar ce ta fi sauƙin haɗawa da rayuwarka. Kuma akwai sana'o'in da dole sai an gani da ido, yanka yadi, adon kek, zane a Canva, waɗannan rubutu ko boyis ba zai wadatar ba.

Sai dai matsalolinsa sun fi yadda ake faɗa. Data ta yi tsada, tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 mutane suka koma lissafa kowane bidiyo kafin su buɗe, kuma wayoyin yawancin kwastomominmu a cike suke da hotunan biki da karatuttuka, mutum zai sauke bidiyo biyu waya ta ce ba wuri. Sai ya biya kuɗi mai yawa ya kalli darasi uku ya ajiye, kuma wanda bai gama kwas ba bai ga amfaninsa ba, wanda bai ga amfani ba kuwa ba zai sake saye ba kuma ba zai turo maka kowa ba, kaga kuɗi sun shigo amma dangantakar ta mutu a nan. Ga sata. Telegram na da wajen da za ka hana a tura ko a ajiye abin da ka ɗora, yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya hana mutum ya ɗauko waya ta biyu ya ɗauki allon ta farko. Sannan ga tazarar farashi, wanda ya saya a 2,000 ka ce masa gobe ya kawo 25,000 tsallen ya yi nisa, sai wanda ya riga ya fara cin riba. Kuma a harka irin tawa kwas yana tsufa da wuri, duk inda na ambaci farashin buhun abinci a bidiyo bayan 'yan watanni maganar ta zama tarihi.

Na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalin mutane, guruf na biyan wata-wata, kuma a nan zan daɗe domin a nan na fi ganin ana faɗawa rami. Lissafinsa a takarda daɗi ne da shi, a ce mutum 50 kowa na biyan 2,000, ga dubu ɗari duk wata kamar albashi. Ni ma wannan lissafin ne ya ja ni na fara da shi. Abin da ban hango ba shi ne yadda mutanenmu ke biyan kuɗi. Tsarin cirewa kai tsaye duk wata yana nan, Paystack na da shi, Selar ma na da shi, amma yawanci yana son mutum ya sa katinsa, mu kuma yawancin masu sayenmu taransifa suka sani daga OPay ko Moniepoint ko PalmPay, wani ma sai ya je wajen mai POS, kuma kana cewa a sa kati a riƙa cira duk wata gaban mutum zai faɗi. Saboda haka duk ƙarshen wata sai ka koma mai bin bashi, kana duba alat kana haɗa suna da hoton shaida, wannan ya biya da asusun matarsa, wancan ya ce albashi bai shigo ba a ɗaga masa ƙafa zuwa sati, wata ta ce yaro ba lafiya. Kuma cire mutum daga guruf a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne, akwai kunya, mutumin da kuka yi wata biyu kuna gaisawa yana ce maka malam, ka danna ka fitar da shi kowa na gani. In ba ka cire ba masu biya su gane su ma su daina. A wata na huɗu na rufe nawa, na mayar wa waɗanda suka biya gaba kuɗinsu.

Bayan kuɗi akwai nauyin ciyar da guruf ɗin. Tun da duk wata ake biya to duk wata sai an ga sabon abu, kuma ilimin sana'a yana da iyaka, bayan ka koyar da shimfiɗa da rigakafi da auna abinci me za ka faɗa a wata na biyar? Sabon shiga zai maimaita tambayar da aka amsa sau goma, tsofaffi su gaji su yi shiru, wani ya fara tallan kayansa, wani ya turo abin siyasa. Sannan a guruf na WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, kuma in akwai mata a ciki wannan babbar magana ce, sau da yawa mace za ta fita ba don darasi bai yi mata ba sai don wani ya ɗauki lambarta ya bi ta ta gefe. Telegram ya fi a nan don ana iya ɓoye lamba, kuma yana ɗaukar har mutum 200,000 yayin da na WhatsApp ke tsayawa a 1,024, amma mu ba yawa ne matsalarmu ba, matsalar ita ce da yawa ba sa buɗe Telegram sai an tuna masu a WhatsApp.

Ban ce guruf na wata-wata ba shi da wuri ba. Yana yi sosai in abin da kake sayarwa labari ne da ke canzawa kullum, wanda jiya daban yau daban. Mai kawo farashin hatsi daga Dawanau duk sati, mai sanar da canjin kuɗin China da kuɗin jirgi da amintattun masu kaya ga masu saro, mai tattaro sanarwar guraben karatu da tallafi, waɗannan ba sa rasa abin faɗa kuma wanda ya fita ya san abin da ya rasa. Amma in sana'a ce da ake koya a gama, to mutum na gamawa zai tafi, mai broila sati shida zuwa takwas ya sayar da kajinsa, me zai zauna yi?

Na uku, dubawa ɗaya-ɗaya. Ba ya buƙatar komai sai wayarka, kuma shi ya fi ba da sakamako, don kana ganin hoton ɗakin kajin mutum ka ce masa fitilar nan ta yi ƙasa ko shimfiɗar ta jiƙe, abin da kwas ba zai taɓa gani ba. Daga nan ake samun shaidar gaskiya da ke jawo wasu, kuma shi ake sa wa farashi mafi tsada. Amma lokacinka kake sayarwa kuma ba ya ƙaruwa, mutum goma kowa rabin awa a rana awa biyar kenan, ban da kiran dare. Kuma akwai ɗaukar alhaki, in kaji suka fara mutuwa kai za a kira, ni kuma ba likitan dabbobi ba ne, tun farko nake rubuta wa mutum cewa in ciwo ne zan ce ka nemi likita kusa da kai, ba zan rubuta magani ta waya ba. In za ka bi wannan hanyar ka rubuta iyaka ƙarara kafin a biya, sati nawa, wane lokaci ake kira, me ke ciki me ba ya ciki. Wanda ya zuba jari mai nauyi shi ya dace da wannan, wanda ya ɗauko kwali ɗaya na tsaki hamsin ribarsa duka ba za ta biya ka ba, kuma bai kamata ka tura masa tayin ba.

To ni me na zaɓa? Wani abu ne tsakanin na biyu da na uku, guruf mai wa'adi, ni zango nake ce masa. Ana biya sau ɗaya, ana farawa rana ɗaya, ana rufewa rana ɗaya. Nawa sati takwas ne saboda tsawon rayuwar broila kenan, kowa ya karɓi tsakinsa a sati guda, sai ya zama matsalar kowa iri ɗaya ce a lokaci ɗaya, satin farko duk maganar zafi ake, lokacin rigakafin cututtukan kaji irin su Gumboro da Lasota duk tare ake tuna wa juna, lokacin canza abinci tare, lokacin neman kasuwa tare. Amsa ɗaya ta wadatar da mutum talatin. Ba bin bashin wata, ba cire kowa, ranar rufewa an san ta tun farko don haka ba wanda ya ji an kore shi. Darasin kuma boyis ne da hotuna da gajerun bidiyo, data kaɗan. Farashinsa yana zama a tsakiya, ya fi littafi amma bai kai babban kwas ba, tsallen bai yi wa mutum nisa ba. Mai koyar da girki za ta iya yin na sati huɗu kafin azumi, mai ɗinki ya yi nasa kafin cunkoson Sallah, ni kuma ranar Sallah nake dubawa in ƙirgo sati takwas baya saboda kajin su isa daidai lokacin da ake nema.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne zangon da kansa yake haifar da kwas da kuma dubawa ɗaya-ɗaya. Tambayoyin da aka yi da amsoshin da na bayar su ne na tattara daga baya suka zama kwas, kuma kwas ne da aka gina kan inda mutane suka maƙale da gaske ba inda ni na zata ba. Sannan duk zango sai ka ga mutum biyu ko uku da suka fi sauran jari sun biyo ka da kansu suna cewa malam ni ina so ka duba min nawa daban.

Yana da nasa aibun fa. Sati takwas ɗin nan a ɗaure kake, ba tafiya mai nisa ba kashe waya. In mutane kaɗan suka shiga wahalar ɗaya ce kuɗin kuma kaɗan, don haka ka sa adadin da in bai cika ba za ka ɗaga ko ka mayar da kuɗi, ka kuma faɗa tun farko. Wanda ya sayi littafi kwana biyu bayan an fara sai ya jira zango na gaba, wani kafin nan zafinsa ya huce. Kuma tsakanin zango da zango ba kuɗin da ke shigowa sai na littafi.

Saura yadda za ka isa gare su, don duk wanda ka zaɓa in ba ka da hanyar magana da masu sayen banza ne. Ana yawan koyar da cewa a tara imel, kuma a ƙasashen da aka saba da shi yana aiki, amma da yawa cikin kwastomomina Gmail ɗinsu mai shagon waya ne ya buɗe masu ranar da suka sayi wayar, ba su taɓa leƙawa ba, ga kuma manhajojin tura imel irin su Mailchimp da dala ake biya in mutanenka sun yi yawa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuwa duk abin dala sai an yi tunani. In masu sayenka ma'aikatan ofis ne ko ɗaliban jami'a ka karɓi imel ɗin, ba laifi. In ba haka ba WhatsApp ne gida. Sai dai ka san burodkas, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai je masa ba, shi ya sa ranar da mutum ya biya, kafin ma ka tura masa littafin, ka roƙe shi ya ajiye lambar ya turo maka sunansa da garinsu. A WhatsApp Business akwai lakabi da ake manna wa mutum, ka raba su, wanda ya saya bai fara ba, wanda ya fara, wanda ya gama zango. Kuma dan Allah ka kwafe sunaye da lambobin a wani wuri, ko littafin rubutu ne, domin ana rufe layi a WhatsApp in aka yi ta kai ƙarar saƙonninka, waya ma tana ɓata.

Kar ka jefa mutum a guruf ba ka tambaye shi ba, kar ka ba wani lambobin kwastomominka ko da abokinka ne mai sayar da abinci ko magani. Akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023, amma ko ba doka amana ce aka ba ka.

Lokacin tayi kuma ka ɗaure shi da halin da mai sayen ke ciki. Saƙona na farko bayan ciniki ba talla ba ne, tambaya ce ko fayil ɗin ya buɗe, don wasu ba su da manhajar buɗe PDF kuma kunya ba za ta bari su faɗa ba. Bayan kwana uku ko huɗu in tambaya ko ya fara shiri, me ya tsaya masa. Sai wanda ya amsa ya nuna da gaske yake sannan in gaya masa akwai zango ranar kaza, ga abin da ke ciki, ga kuɗin, kuma kuɗin littafin da ya biya zan cire masa daga ciki. Wanda ya ce ba yanzu ba in tambaye shi ko in tuna masa in na gaba ya zo, in ya ce a'a shikenan. Ka kuma lura da aljihun mutane, watan Satumba kuɗin makaranta ne, goman ƙarshe na azumi hankali na kan ibada da kayan Sallah, tsakiyar wata ma'aikaci ba shi da komai.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne ƙaryar saura gurbi uku, ko rangwame zai ƙare ƙarfe sha biyun dare alhali gobe ma yana nan. A zango ba ka ma buƙatar wannan, ranar farawa gaskiya ce, adadin da za ka iya kula da su ma gaskiya ne, in ka ce talatin ka tsaya a talatin ko na talatin da ɗaya ya zo da kuɗi a hannu, ka rubuta sunansa a na gaba.

In har yanzu kana ruwa tsakanin ukun, kar ka ɗauki bidiyo ko ɗaya tukuna. Ka zaɓi mutum ashirin cikin waɗanda suka saya wata ɗaya ko biyu da suka wuce, ka tura wa kowa saƙo da sunansa ba burodkas ba, ka ce Malam wane ko Hajiya wance, kin samu kin gwada abin da ke littafin nan kuwa, a ina ya tsaya miki? In yawancin amsar ita ce ban gane yadda ake yin kaza ba sai na gani, bidiyo suke nema. In suna tambayar nawa ake sayar da kaza yanzu, a ina ake samu, to labari mai canzawa suke so kuma na wata-wata zai iya rayuwa. In kuwa amsar ita ce ina tsoron farawa ni kaɗai kar in yi asara, wadda ita na fi samu a wajen masu son kiwo, sai ka buɗe kalanda ka sa ranar zango.